Kaye

A Maradi, kaye muke ce wa littafin rubutu,
kaye kuma muke ce wa rabon ɗan kokowa da ƙasa.
Nawa ya haɗa duka biyun.

Baba Nomau ya saya mini shi, dala arba'in,
tun bai yarda na taɓa akwatin sarrafawa ba.
Shekara talatin yana auna iska a filin jirgi,
safe da yamma, da bik a bayan kunne,
bai taɓa taka matakalar jirgi ba ko sau guda.
Ya ce: Tasi'u, ja layi huɗu.
Rana. Iska. Minti. Dalili.
Abin da ba a rubuta ba, bai tashi ba.

Jirgin kuwa farin soson kwalin firji ne,
na fere shi da reza a rumfata ta gyaran salula.
Injinsa bai kai ƙwallon goruba ba,
ya biyo ta Ɗan Isa a aljihun wani direba.

Asabar, yashin Gulbi, ruwa ya janye.
Iska daga gabas, 'yar kaɗan.
Minti babu. Daƙiƙa tara.
Dalili, na rubuta: iska.
Ya karɓi bik ya soke,
ya rubuta: babban yatsa.

Asabar ta zagayo, muka sauko da shi da gora.
Dalili, na rubuta: gawo.
Ya ce gawon nan ya girmi ubanka,
nan yake tsaye tun ba a haƙa rijiyar unguwarku ba,
wa ya je wurin wa?

Shafi na shida, lambun Barira a Sumarana.
Kunya uku ta tumatir, jika biyu da ban haƙuri.
Da la'asar ta aiko da tayar gaba cikin ƙwarya,
tare da tumatir ɗin da na fasa,
wai in ci, tunda na biya.

Abin da ya fi ba ni wuya, dawowa.
In yana tafiya, damata damarsa.
In ya juyo ya dube ni
sai hagu ta zama dama, hannu ya yi mini ƙarya.
Baba ya ce haka mutane ma suke,
mai fuskantarka ba ya ganin gefen da kake gani.
Bar tsayuwa a ƙafarka, shiga cikinsa ka zauna.

Wata bakwai.
Ran nan ya hau, ya hau,
ya wuce kan mangwarori har ya koma ƙwayar gero,
wata shirwa ta bi shi tana tambayar asalinsa.
Wuyana ya ƙage, ban ƙifta ba.
Minti goma sha ɗaya,
ya sauka a kan tayoyinsa, yashi ya ɗan yi tari.
Na riƙe bik a kan layi na huɗu
na rasa abin rubutawa.
Ya ce bar shi fari.

Yanzu yana ta rufe masa ido.
A bayan babur nake kawo shi, da tabarma da buta,
ya zauna ya karkata kai, da kunne yake tuƙi:
ka cika wuta,
ka yi nisa,
batir ya fara kuka, dawo da shi gida.

Jiya hanci ya tsinke, fiffike ɗaya ya rabu biyu.
Na tsince su cikin riga, na zauna na buɗe shafi na sittin da ɗaya.
Ya ce me ka sa?
Na ce babban yatsa.
Ya yi dariya har hula ta zame.
A'a, ya ce, wannan karon iska ce,
na ji ta juya a ganyen gawo kafin kai.
Soke.
Kada ka ɗauki laifin da ba naka ba,
shi ma ƙarya ne a kaye.